Filin Gyaran Jiki: Amsoshin Tambayoyinku kan Tamoji da Yamushewar Fuska

Da zarar hunturu ya kankama, wasiƙun da ke shigowa wannan fili sukan karkata ga abu guda: fuska ta bushe, goshi ya tattare, gefen ido ya yi layi-layi. Mun ɗauki tambayoyin da suka fi maimaituwa, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Shekaruna 43. Layuka sun fito mini a goshi da gefen ido, kuma kullum sai an turo mini sabon haɗi a WhatsApp, wai yana goge tamoji cikin kwana bakwai. Wanne ne na gaskiya? Daga wata uwa, Funtuwa.

Amsa: Hajiya, babu na kwana bakwai a cikinsu. Amma kafin ki kashe ko sisi, ki fara tantance irin layukan da ke fuskarki, domin iri biyu ne, kuma iri ɗaya kawai haɗin gida yake iya wa.

Ki wanke fuska da ruwa mai ɗumi, kada ki tsane ta ƙarƙaf, ki shafa mai kaɗan a kan danshin, ki jira minti 20, sannan ki duba madubi a wuri mai haske. Ƙananan layukan da suka ɓace ko suka lafa, na bushewa ne. Saman fata ne ya rasa ruwa ya takure, kuma da ya samu ruwa sai ya miƙe. Waɗannan man kaɗanya da zuma da alobera suna yi musu aiki sosai. Waɗanda suka tsaya daram ko kin saki fuska, tushensu yana can ƙasa, a shimfiɗar fata ta biyu, inda zaruruwan kolajin da ilastin suke. Kolajin ne ke ba fata kauri da ƙarfi, ilastin kuma shi ke sa ta koma yadda take bayan an ja ta. Daga shekaru ashirin da 'yan kai jiki yana rage kolajin da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, kuma mace takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin fatarta a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Ilastin kuwa rana ce babbar abokiyar gabarsa: kamar robar ƙugun wando ce da aka yi ta shanyawa a rana, tun tana komawa har ta saki. Zuma ko ƙwai ko ayaba ba sa ratsa fata su isa wannan zurfin, balle su ɗinke abin da ya tsinke.

Akwai abin farin ciki ga mai baƙar fata. Sinadarin melanin da ke ba mu launi yana tare wani kaso na hasken rana, shi ya sa tamoji kan yi jinkirin fito mana da shekaru goma ko fiye idan aka kwatanta da fararen fata. Namu tsufan ya fi bayyana ta dabbare-dabbaren launi da sakin kumatu. Saboda haka duk haɗin da zai ƙona ki ya bar miki baƙin tabo ya fi tamojin da kike gudu tsufar da fuska. Abin da za ki riƙe: wanki mai sauƙi, mai a kan danshi safe da dare, da kariya daga rana. Ki ba shi mako shida zuwa takwas kafin ki yanke hukunci, domin saman fata kan ɗauki kusan wata guda kafin ya sabunta, kuma a shekarunki ya fi haka jinkiri.

Tambaya: Na narkar da man kaɗanya na haɗa da man zaitun, amma da ya daskare sai ya yi tsaki-tsaki, bayan 'yan makonni kuma ya soma wari. Ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba, Kontagora.

Amsa: 'Yar uwa, kina zaune a yankin da kaɗanya ta fi yawa a ƙasar nan, don haka samun mai kyau ba zai yi miki wuya ba. Ki nemi wanda launinsa ya yi fari-fari mai ratsin ruwan ƙwai, mai ƙamshin gyaɗa da ɗan hayaƙi, wanda ke narkewa da kin murza shi tsakanin yatsu. In yana ɗaci a hanci ko yana warin tsohon mai, ya riga ya lalace tun a kasuwa, babu haɗin da zai gyara shi.

Tsaki-tsakin nan ba datti ba ne. Man kaɗanya kitse ne iri-iri a haɗe, kuma ba lokaci guda suke daskarewa ba. In kika bar shi ya huce a hankali, masu taurin sai su riga sauran daskarewa su dunƙule. Maganinsa shi ne a narkar da shi gaba ɗaya, a kuma sanyaya shi da sauri.

Ga yadda za ki yi. Ki auna man kaɗanya babban cokali 4, da mai na ruwa babban cokali 2. Man riɗi ko man 'ya'yan kuka sun fi dacewa da fuska. Man zaitun ba laifi a jiki, amma yakan raunana saman fatar masu saurin ƙaiƙayi, man kwakwa kuma yana toshe ƙofofin gashi ga masu ƙurajen fuska. Ki zuba man kaɗanyar a kwanon silba ko na tangaran busasshe, ki ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi. Kada ki ɗora shi kai tsaye a wuta, yana ƙonewa ya canza wari. Da ya narke tas, babu ko ɗan gudaji, ki sauke, ki tace da tsaftataccen ƙyalle mai laushi, ki zuba man riɗin ki juya. Sai ki tsoma gindin kwanon a ruwan sanyi ko ki sa a firji na minti 20 zuwa 30, har gefe-gefen ya soma kamawa tsakiyar kuma tana da laushi. A nan za ki buga shi da cokali mai yatsu na minti 5 zuwa 10 har ya yi fari ya tashi. Ki juye a kwalba mai murfi wadda ta bushe sarai.

Warin kuma abu uku ke kawo shi: ruwa, zafi da haske. Ɗigon ruwa ɗaya daga tururin tukunya ko jiƙaƙƙen yatsa ya isa ya sa fumfuna ta samu wurin zama. Ki riƙa ɗiba da ƙaramin cokali busasshe, ki ajiye kwalbar nesa da taga da kicin. In kin fasa ƙwayar bitamin E ɗaya ko biyu kin matse a ciki lokacin bugawa, zai jinkirta lalacewar man, amma ki sani ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Wannan adadin zai kai ki wata uku, kuma gara ki riƙa yin kaɗan-kaɗan. A zafin Afrilu da Mayu haɗin zai narke a kwalba ya sake daskarewa da tsaki. Bai lalace ba, ki maimaita narkarwa da sanyayawar, ko ki rage man ruwan zuwa cokali 1.

Wajen shafawa ne mutane da yawa ke yin asara. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, tsare wanda ke ciki yake yi. In kika shafa shi a busasshiyar fuska za ki yi ƙyalli amma fatar tana nan a takure. Ki shafa cikin minti biyu zuwa uku bayan wanka ko alwalar isha'i, fuska da sauran danshi, gwargwadon ƙwayar gyaɗa ɗaya, ki narkar da shi a tafin hannu ki danna a hankali. In hunturu ya tsananta, ki sayi gilisarin a kemis, ki zuba cokalin shayi 1 a ruwan da aka tafasa ya huce babban cokali 3, ki shafa wannan tukuna, sannan man a kai. Kada ki shafa gilisarin tsantsa, yana danƙo, kuma a busasshiyar iska yakan ƙara yi wa fata zafi. Wannan ruwan gilisarin na kwana biyu ko uku ne, sai a zubar a sake.

Tambaya: An ce in haɗa lemun tsami da bakin soda da farin ƙwai, fuska za ta ɗame. Na yi sau huɗu. Ranar farko ta ɗame ɗin, amma yanzu kumatuna sun yi baƙi suna raɗaɗi ko ruwa na taɓa. Daga wata amarya, Gusau.

Amsa: Amarya, sannu. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido, kuma ba ke kaɗai ba ce, wasiƙu irin taki sun fi kowanne yawa. Ki dakatar da haɗin yau ɗin nan.

Fatar mutum tana da ɗan tsami na halitta, kusan 5 a ma'aunin da ake kira pH, kuma wannan tsamin ne ke riƙe kitsen da ke tsakanin ƙwayoyin fata, ya kuma hana ƙwayoyin cuta sakewa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. A wannan ma'auni ƙaramar lamba ce ta fi tsami, kuma kowane mataki ninki goma ne, wato lemun ya fi fatarki tsami kusan sau dubu. Bakin soda kuma ta wuce ta ɗaya ɓangaren, tana wajen 8 zuwa 9, kanwa ma ta fi ta. Kowannensu shi kaɗai yana kwashe kitsen kariya. Ga kuma wata illa ta lemun tsami: akwai sinadari a ruwansa da ɓawonsa wanda in ya zauna a fata rana ta doke shi, sai wurin ya ƙone, wani lokaci har da bororo, ya warke da baƙin tabo. Mai yiwuwa abin da ya samu kumatunki ke nan.

Ɗamewar da kika gani ta farin ƙwai ce. Yana bushewa a saman fata ya ja ta, da kin wanke kuma shi ke nan, bai canza komai a ciki ba. Ɗanyen ƙwai kuma yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa, ga shi kusa da baki da ido.

Na mako biyu masu zuwa, ruwa mai ɗumi kawai za ki sa wa fuskar, babu sabulun salo, babu soso, babu hoda mai kauri, babu turare. Ki shafa basilin tsantsa siriri sau biyu ko uku a rana. A nan ya fi man kaɗanya, saboda ba shi da abin da zai ƙara tayar da fatar, kuma kusan duk ruwan da zai fita yana tsare shi. Ki kauce wa rana iyakar iyawarki. In wurin ya yi bororo, ko yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ya kumbura, asibiti za ki je. Baƙin zai dusashe da kansa, amma yakan ɗauki wata shida zuwa shekara, kuma duk ranar da kika bari rana ta dake shi kin ƙara masa kwana. Za a ba ki shawarar man bilicin don ya goge da wuri. Ki karanta amsar da muka ba mai shafa man haske a ƙasa kafin ki karɓa.

Ga sauran masu karatu: duk sabon abu, ko na gida ne ko na kanti, a fara gwada shi a bayan kunne ko cikin hannu, a bar shi kwana biyu. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, bai dace da fuska ba.

Tambaya: Ina haɗa alobera da zuma da kindirmo in cika kwalba don ya kai ni wata guda. Kwanan nan na ga ɗigo-ɗigon baƙi a samansa. In kwashe saman in ci gaba? Daga wata ma'aikaciya, Maraɗi.

Amsa: A'a, ki zubar da shi duka, ki wanke kwalbar da ruwan zafi. Abin da ido ya gani a sama kaɗan ne daga abin da ya bazu a ciki. Duk haɗin da ke da ruwa a jikinsa, kamar alobera, kindirmo, kokwamba ko gwanda, abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma mayukan kanti suna daɗewa ne saboda an sa musu sinadarin hana ruɓewa. Zuma ita kaɗai ba ta lalacewa saboda ƙarancin ruwanta, amma da kin sirka ta wannan kariyar ta tafi.

Haɗin kansa mai kyau ne, a yi shi sabo kawai. Zuma cokalin shayi 1, kindirmo marar sukari babban cokali 1, a shafa a tsaftatacciyar fuska, a bar shi minti 10 zuwa 15, a wanke da ruwa mai ɗumi, a bi da mai nan take. Sau biyu a mako ya isa. Zuma tana janyo ruwa ta riƙe a saman fata, tsamin kindirmo kuma mai sauƙi ne, yana sassauta matattun ƙwayoyin fata ba tare da gurzawa ba. In kindirmon ya kwana biyu ya yi tsami sosai, zai yi raɗaɗi, a nemi sabo. Zumar ma a saya wurin wanda aka amince da shi. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa da ake yi a kasuwa ba sa rarrabe ta gaskiya da dafaffen sukari.

Alobera tana da nata ƙa'idar. In kin yanko ganyen, ki jingine shi tsaye, wurin yankan yana ƙasa, na minti 15, har ruwan nan mai launin rawaya ya tsiyaye. Shi ne ke sa ƙaiƙayin da wasu ke ɗora wa alobera gaba ɗaya. Sannan ki fere gefen ƙayar da bayan, ki ɗauraye farin cikin, ki dame shi da cokali. A firji mai tsayayyar wuta zai yi kwana biyar zuwa bakwai. In wutar unguwarku ba ta zama, ki bar ganyen da ɓawonsa, ki riƙa yankar gwargwadon yatsa biyu kullum. Kuma kada ki bar ta ita kaɗai a fuska da hunturu, tana bushewa ta ja fata, sai an bi ta da mai.

Tambaya: Shekara shida ina shafa man da wata mai haɗa mai take yi mini. Na yi haske, amma yanzu ina da shekara 29 fatar fuskata ta yi siriri, jijiyoyi sun fito kore-kore, ta yamushe fiye da ta yayata. Wane haɗin gargajiya ne zai dawo da ita? Ba a sa suna ko gari ba.

Amsa: Ƙanwata, mun ji daɗi da kika faɗi gaskiyar abin da kike shafawa, domin da shi ne za a san inda za a kama. Alamomin da kika lissafa na sitiroyid ne. Magani ne na gaske da likitoci ke bayarwa na 'yan kwanaki ga wasu cututtukan fata, amma masu haɗa mai suna zuba shi saboda yana saurin sa haske. In aka daɗe ana shafawa, yana hana fata ƙera kolajin, sai ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a hannu da cinya, ƙuraje su yi yawa, ciwo kuma ya ƙi warkewa da wuri. A kwali ko bututu za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Abokin tafiyarsa hydroquinone ne, wani sinadarin hasken fata, wanda in ya daɗe yakan juye ya bar baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar fita. Wasu haɗe-haɗen har da mercury, wanda ke lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan waɗannan mayukan, amma wanda aka juye a roba ba tambari ba wanda ya san abin da ke ciki, wani lokaci har mai haɗawar.

Babu haɗin gida da zai gyara wannan muddin kina ci gaba da shafawa. Sai dai kada ki yanke shi dare ɗaya. Bayan shekara shida fata ta saba, in aka tsayar kwatsam sai ta yi ja, ta yi zafi, ta fashe da ƙuraje, shi ke sa mata da yawa su koma. In kuma duk jiki kike shafawa, maganin yana shiga jini, yana iya tayar da sukari da hawan jini, ya kuma sa jiki ya rage ƙera nasa sitiroyid na halitta, shi ya sa tsayarwa kwatsam ke da haɗari. Ki ɗauki robar man ki je wurin likitan fata. Akwai su a manyan asibitocin koyarwa, irin su Asibitin Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Za a tsara miki yadda za ki rage a hankali, a kuma auna jininki da sukarinki.

Aikin gida a nan tallafi ne: sabulu mai laushi marar ƙamshi, basilin ko man kaɗanya tsantsa, da kariyar rana kullum, domin fatarki yanzu ba ta da garkuwar da aka haife ki da ita. Ki nisanci dilka, halawa a fuska, kurkum da duk wani abin gurzawa. Launinki na asali zai dawo, wataƙila ma ya fi da duhu na wasu watanni kafin ya daidaita. Kaurin fata yakan farfaɗo a hankali, musamman a shekarunki, amma nankarwar da ta riga ta fito dusashewa kawai take yi.

Tambaya: Ni namiji ne, ina sayar da kaya a bakin titi tun safe har la'asar. Shekaruna 38 amma goshina ya fi na babban wana tattarewa. Man kaɗanya zai tare mini rana? Daga wani ɗan kasuwa, Azare.

Amsa: Malam, zai hana bushewa, amma ba zai tare rana ba. Kariyar man kaɗanya ko man kwakwa ba ta kai ko kusa da abin da ake buƙata ba, kuma man kariyar rana ba abin da ake haɗawa a gida ba ne, domin ba yadda za ka auna ko ya rufe fatar daidai. Mafi araha a gare ka ita ce malfa mai faɗin baki da rumfa ko lema, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Hula ba ta kare goshi da kunne da ƙeya. Ka ƙara da tabarau mai duhu, domin wasu layukan goshi da gefen ido na masu aiki a rana daga kanne ido suke. In da hali, ka sayi man kariya mai lamba SPF 30 ko sama, ka matsa tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, ka sake shafawa bayan alwalar azahar tunda ruwa da gumi suna wanke shi. Masu sinadarin zinc oxide sukan bar fari-fari a baƙar fata, sai ka gwada kaɗan a bayan hannu kafin ka biya.

Wannan ya shafi mata masu hijabi ma. Wuya da kunne sun tsira, amma goshi da hanci da kumatu suna waje.

Tambaya: Sau nawa ya kamata a yi dilka? Mahaifiyata mai shekara 60 tana so ta riƙa yi duk mako saboda yamushewar hannu da wuya. Daga wata 'yar Maiduguri.

Amsa: Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Dilka, wadda muka gada ta hanyar Sudan da mutanenku na Borno, tana cire matacciyar fata ne, shi ya sa jiki ke sulɓi da sheƙi bayanta. Ba ta cire tamoji. Fatar mai shekara 60 ta fi ta budurwa siriri da bushewa, kuma ta fi jinkirin farfaɗowa, don haka duk mako ya yi yawa. Sau ɗaya a wata ya wadatar, da hunturu ma a iya tsallakewa. A jiƙa ta da mai sosai, a murza da tafin hannu ba da ƙarfi ba, a tsaya tun kafin wurin ya yi ja. Fuska da wuya a bar su, ko a yi musu da garin shinkafa mai laushi cokalin shayi 1 a cikin kindirmo, na minti ɗaya kacal. A kuma tambayi mai dilkar abin da ta zuba, domin wasu yanzu suna sirka ta da mayukan haske.

Hannun Mama zai fi amfana da wannan: da dare ta jiƙa hannu a ruwa mai ɗumi minti 5, ta tsane sama-sama, ta shafa man kaɗanya da kauri, ta sa safar auduga ta kwana da ita. In tana wanki ko wanke-wanke da omo, ta sa safar roba, ko jikoki su karɓa.

Tambaya: Gaskiya ne cin ganda da ƙafar sa yana ƙara kolajin a fuska? Daga wani mai karatu, Kumasi.

Amsa: Akwai kolajin a cikinsu, amma ciki yana narkar da shi kamar kowane nama, jiki kuma ya kai inda ya ga dama, ba lallai fuska ba. Wake, ƙwai, kifi da gyaɗa suna ba da kayan ginin iri ɗaya. Abin da jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da shi shi ne bitamin C, kuma gwaiba ta fi lemu yawansa. Akwai shi a garin 'ya'yan kuka da ake damawa da nono, da tattasai da tumatir, sai dai doguwar dahuwa tana kashe shi. Taba da shisha kuwa suna rage jinin da ke isa fata suna kuma karya kolajin, yawan sukari ma yana sa zaruruwan su yi tauri. Shan ruwa fiye da ƙishi ba ya goge layi ko ɗaya.

Tambaya: Na yi wata huɗu ina bin man kaɗanya da kariyar rana. Fuskata ta yi laushi, amma layukan gefen baki da na ido suna nan. Akwai mataki na gaba? Daga wata malamar makaranta, Zariya.

Amsa: Malama, kin kai iyakar abin da kayan gida za su iya, kuma kada ki daina, domin su ne ke hana ƙari. Yankakken kokwamba mai sanyi a kan ido yana rage kumburin safe na ɗan lokaci, iyakarsa ke nan. Fatar gefen ido ita ce mafi siriri a fuska, don haka a rage murza ta, a goge kwalli da ɗan mai a auduga maimakon sabulu da ƙarfi.

Abin shafawa da aka fi tabbatar da cewa yana sa fata ta ƙera sabon kolajin shi ne dangin bitamin A, wato retinol da ake samu a mayukan kanti, da tretinoin wanda ya fi ƙarfi kuma likita ke rubutawa. Ana farawa da mafi sauƙi, kamar tretinoin mai kashi 0.025, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga duk fuska, da dare kawai, a busasshiyar fata, sau biyu a mako. Bayan mako uku ko huɗu in babu raɗaɗi sai a koma dare ɗaya a tsallake ɗaya. A kauce wa fatar ido, gefen hanci da kusurwar baki, a bi shi da mai bayan minti 20. Ɗan saɓa a makonnin farko ba abin tsoro ba ne, amma in fuska ta yi ja tana zafi a dakata har ta huce, domin a baƙar fata kowane ƙuna tabo yake bari. Tsakiyar hunturu ba lokacin farawa ba ne, ki jira iska ta yi laushi. Ba a ganin canji kafin wata uku zuwa shida, kuma dole a ci gaba da kariyar rana, a kuma ajiye kindirmo da garin shinkafa a ranakun da ake shafa shi.

Mai ciki ko mai neman ciki ba ta amfani da shi sam, mai shayarwa kuma ta tambayi likita tukuna. Ki duba bayan bututun da kyau kafin ki saya: akwai waɗanda aka haɗa tretinoin da hydroquinone da sitiroyid wuri guda. Waɗannan na wata cuta ce daban, na 'yan makonni a ƙarƙashin kulawar likita, ba na tamoji ba ne.